Dan Allah shawara: in kawo mai duba gida kafin in biya, ko zai zama abin kunya?

Dan Taura

Assalamu alaikum yan uwa, ya zafi ya iyali. Shawara nake nema wajen wadanda suka san harkar gini. Akwai gidan da ake so a sayar min a wani kauye tsakanin Taura da Ringim, gidan gado ne magada suna so su raba kudin. Daki hudu ne a ciki na kasa amma anyi musu filasta da siminti an rufa kwano, sai shago da daki daya a bakin kofa su na bulo ne, an zuba musu dekin wai marigayin yaso ya dora bene Allah bai nufa ba. Akwai rijiya a tsakar gida da bandaki. A ido gidan tsaf yake don kwanan nan akayi masa fenti har warin bai gama fita ba. Abinda ya tsaya min a rai shine wata tsaga da ta taso daga kusurwar tagar shagon ta nufi sama a karkace, an like ta an shafa fenti amma ana ganin sawunta, sannan kasan bangon dakunan ciki in ka kwankwasa sai kaji fanko.

Wani abokina dake aiki a Dutse yace kar in sake in bada ko kafin alkalami sai na kawo injiniya ya duba. To matsalar babban magajin abokin babana ne tare sukayi karatun allo, Baba nake ce masa, in na kwaso bako yazo yana buga bango yana leka silin ai kamar nace ban yarda dashi bane. Ga dillali ya takura min wai akwai wani dan kasuwar Gujungu da kudi a hannu in ban motsa ba zai dauke. Shin a kauye ma ana wannan dube duben ko sai birni? Wa ake kira kuma yaushe ya kamata?

Baban Walida

Wslm. Malam kai dai kana neman inda zaka kai kudinka ne, injiniya a kauye? Gidajen da muka tashi a ciki wane injiniya ne ya duba su, gasu nan har jikoki. Ka samu birkilan garinku ka sai masa lemo ya zagaya ya gaya maka gsky, shikenan. In ka kawo dan boko dole sai ya nemo aibi ko babu don ya halatta kudin da zai karba, daga nan yace a rushe a bashi kwangila. Kuma wane gida ne babu tsaga a kasar nan, nawa ma akwai.

Injiniyan Haɗejawa

Wa alaikumus salam. Wannan aikina ne don haka a yi min uzuri zan ɗan tsawaita. Baban Walida, birkila ya san ɗora bulo da filasta, wasu ma idonsu ya fi na mai digiri, ban musa ba. Amma dekin ɗin nan da ya ambata shi ya fitar da maganar daga hannun birkila. Kankare ne mai nauyi a saman kan mutane, ba ka san rodin da aka saka ba mai kaurin milimita 12 ne ko mai 10, ba ka san tazarar da aka ba su ba, ba ka san ko an yi fila da bim, wato ginshiƙai da kankaren da ke kwance a kansu ba, ko a kan bulo mai inci shida kawai aka zuba shi, kuma shekara da shekaru yana shan ruwan sama a buɗe. Dekin da aka bari ba a ɗora komai ba ruwa yana kwanciya a kansa yana tsatsafawa har ya kai ga rodi, shi kuma rodi in ya yi tsatsa kumbura yake ya fasa kankaren daga ciki. Ka shiga shagon ka ɗaga kai. In ka ga jan layi-layi na tsatsa, ko wani wuri ya ɓamɓare rodi ya leƙo, ko tsakiyar ta ɗan lotsa, to ka cire maganar bene a ranka. Mutanen Kano ba su manta da benen da ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut a 2022 ba, gini ne da ake kan yi ya zubo a kan jama'a.

Tsaga kuma iri-iri ce. Akwai siririya kamar gashi mai yawo a fuskar filasta, wannan ba komai ba ce, filasta ce ta bushe da sauri ba a ba ta ruwa ba, ina jin irinta ce a gidan Baban Walida. Wadda muke tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo hawa-hawa, musamman in bakinta ya fi faɗi a gefe ɗaya, ko ka zagaya bayan bangon ka tarar ta ɓullo ta can ma. Wannan yawanci fandisho ne ya zauna ta ɓangare guda. In ta kai milimita 5 wato fensir yana neman shiga, magana ta girma. Sauran alamominta su ne ƙofar shagon tana cijewa, taga ba ta rufuwa daidai, daɓen ƙasa ya rabu da bango. Kuma liƙe ta da siminti ba ya maganin komai, in ƙasa tana motsi za ta sake buɗewa a wurin.

Yankinku kuwa na san ƙasarsa. Inda yake jigawa mai rairayi da sauƙi, amma duk abin da ya gangaro kusa da kogin Haɗeja laka ce ta fadama, da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta tsattsage, gini yana hawa yana sauka a kanta kowace shekara. Ga kuma tsofaffin kududdufai da aka haƙa aka yi ginin ƙasa da su, daga baya aka cike da shara da ɓaraguzai aka yanka fuloti. Gidan da ya hau irin wannan wuri ko rodi nawa ka zuba masa sai ya tsage.

Maganar yaushe, kafin ka fitar da ko sisi ne, har kafin alƙalamin, domin da zarar kuɗi ya shiga hannun magada an raba, dawo da shi sai an yi shari'a da ɓacin zumunci. Lokacin da gida yake faɗin gaskiya kuwa shi ne marka, Agusta zuwa farkon Satumba, ka je washegarin ruwa mai ƙarfi ka ga inda yake yoyo da inda ruwa yake kwanciya. Masu sayarwa sun san haka, shi ya sa cinikin gida ya fi tashi da rani bayan an yi fenti. Kuma ba mai saye kaɗai ba, wanda ambaliya ta shiga gidansa ta ja, da mai son ɗora bene, da mai son fasa bango ya fitar da shago, da wanda maƙwabcinsa ya haƙa masai ko sokawe jikin katangarsa, duk ya kamata a duba musu.

Wanda za ka kira, na dekin da fandisho injiniyan gine-gine ne mai rajista da COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, ko maginin zamani mai rajista da CORBON, hukumar rajistar magina, ka tambaye shi lambarsa ba laifi ba ne. Ba sai ka je Kano ba, a sashen ayyuka na sakatariyar ƙaramar hukuma akwai ma'aikatan gini, a Dutse da Haɗeja da Ringim ma ana samu. Kar ka yarda da wanda dillali ya kawo, dillali la'adarsa yake jira. Ku yi tsadar dubawar tun kafin ya zo, ya rubuta maka abin da ya gani a takarda ya sa hannu. Tsoron da Baban Walida yake yi kuma maganinsa sauƙi ne, ka gaya masa tun farko cewa in gyara ya taso ba shi zai yi ba.

Maman Sadiq

Dan uwa nidai ba injiniya bace amma mu mata mu muke wuni a cikin gida mu muka san halinsa. Ka tura matarka ko kanwarka ta shiga makwabta ta gaisa, wlh kafin ta sha ruwa ta tashi an gaya mata komai, ko ruwa yana shiga gidan, ko ya taba cin daki, ko rijiyar tana kafewa da bazara, ko indararon makwabci a cikin gidan yake zuba. Maza zasu rufa wa juna asiri a majalisa amma matar da ta kwana tana kwalfe ruwa da roba bazata boye ba.

Mun taba zaman haya a wani gida nan wajen Auyo, da rani muka shiga fes dashi, da marka tazo ba ta sama ruwan ya zo mana ba ta kasa ya dinga tsattsafowa, ledar daki in ka daga sai kaga ruwa kwance da wani baki baki, katifa ta rube ta kasa, buhun gero yayi funfuna, yara kullum tari da mura. To ka daga ledar kowane daki ka duba, ka ja gado da drowa ka leka bayansu domin nan gara take hanyarta, ka rufe kofa da taga na dan lokaci sannan ka shiga ka shaka, warin danshi fenti baya boye shi. Ka duba kasan bango ko akwai wani farin abu kamar kanwa yana fitowa, da layin da ruwa ya taba tsayawa, ko an shafe a ciki zaka ganshi a katangar waje ko a jikin bangon makwabta. Sannan ka tsaya a kofar gida ka gani tsakar gidan ce tafi tudu ko layin, in layi yafi gidan tudu to duk ruwan unguwa naka ne.

Rijiyar ma ka auna tsakaninta da masai, ma'aikatan lafiya mita 30 suke cewa, a gidajenmu kuwa wani lokacin taku biyar ne kuma a kasar da ruwa yake kusa. Ka ja guga ka dandana ka shinshina, har masan makwabci ka tambaya ta wane gefe yake.

Ɗan gidan magina

Salam. Na karanta wa mahaifina tambayarka, shi tsohon magini ne na ƙasa a nan ƙasar Gaya, ga abin da ya ce in rubuta. Ya ce wannan fankon da ka ji shi ya fi damunsa a kan tsagar shago. Siminti da jar ƙasa ba sa kama juna, filastar tana tsayawa ne kawai a jikin bangon, bayan 'yan shekaru sai ta saki ta bar rata. Ruwa ya samu ƙaramar kafa ta sama ya gangara bayan filastar, ko danshi ya taso daga ƙasa, kuma ba hanyar da zai bushe tunda siminti ya toshe. Daga waje kana ganin bango lafiya lau da fenti, a ciki gindin ya zama taɓo. Ya ce irin waɗannan ɗakunan su ne suke zubowa da tsakar dare cikin marka ba tare da sun ba da alama ba, gara ma bangon da ba filasta, shi in ya fara zaizayewa kowa yana gani a yi masa yaɓe. Da can da makuba ake shafe bango, ta ɓawon ɗorawa, ko katsi na marina, su suna korar ruwa kuma bango yana shan iska.

Ya ce in shi aka kira, zai nemi izini ya ɓalle filastar kamar tafin hannu a gindin bango ta gabas, domin ta nan ruwa da iska suka fi dukan gini a ƙasar nan, ya damƙi ƙasar ya ji. In ta yi tauri ta bushe to alhamdu lillahi, in tana marmashewa ko da sanyi a cikinta da ranin nan to ɗakin sai an sake shi. Zai duba kaurin bangon a ƙasa, da ko akwai dakali mai kare gindinsa, da ko kwanon ya leƙo sosai ya rufe kan bangon. Sai ya hau cikin silin da tocila da ƙusa doguwa yana tsira katakon, wanda gara ta cinye daga waje lafiya ƙusa kuwa sai ta shige. In da azara a wani wurin ita giginya gara ba ta cika damunta ba, amma a duba bakinta inda ta shiga bango. Ya ce a gaya maka injiniya ya duba na bulo, na ƙasa kuma ka nemi tsohon magini, yawancin yaran da suka yi makaranta ba su taɓa cuɗa ƙasa da ƙafarsu ba. Injiniya a yi haƙuri haka ya ce in rubuta.

Injiniyan Haɗejawa

Ba komai, a gaishe da Baba, gaskiya ya faɗa. Ni ma in aka kai ni ginin ƙasa da dattijo nake tafiya.

Malamin islamiyya

Ɗan uwa maganar kunya nake so in taɓa. Ko akuya za ka saya a Gujungu sai ka buɗe bakinta ka shafa cikinta kuma mai ita ba ya fushi, balle inda za ka kwantar da iyalinka. A shari'a wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma malamanmu na Malikiyya sun kasa aibin gida uku, ɗan ƙarami da ba ya rage daraja ba a komawa kansa, matsakaici a rage wa mai saye kuɗi gwargwadonsa, babba irin wanda ake tsoron rushewa kuwa yana da damar mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. To ka ga dubawa tun yanzu ta fi wa shi Baban sauƙi a kan a je gaban alƙali bayan an raba kuɗi marayu sun ci nasu. Kai dai kar ka tunkare shi da kanka, ka gaya wa mahaifinka shi ya je ya same shi, a bakin aboki maganar ba za ta yi nauyi ba.

Sannan takardu ma dubawa suke so. Gidan gado ne, ka tabbatar duk magada sun yarda har mata da waɗanda suke aure a wani gari, in akwai ƙananan yara a san waliyyinsu, in an raba a kotu ka ga takardar. A yi cinikin gaban mai unguwa da dagaci da shaidu, a tambaya ko an taɓa jinginar da shi, a kira maƙwabta a nuna iyaka. Dokar filaye ta 1978 ta sa filin karkara a hannun ƙaramar hukuma, don haka bayan ciniki ka je can ka nemi takardar mallaka da sunanka.

Baban Walida

To naji, na dekin na yarda. Amma fa ku sani in aka bi ta taku babu gidan da zai sayu daga Wudil har Guri, kowa yasan in aka sako ruwan dam din Tiga da Challawa ga ciyawar kachalla ta toshe hanyar ruwa duk yankin nan sai abinda Allah yayi. Mutum ya sayi daidai kudinsa ya gyara a hankali.

Dan Taura

Nagode kwarai Allah ya saka da alheri, kuma na bi shawarar Malam. Babana yaje ya samu babban magajin bayan la'asar, ashe ma bai dauki abin da zafi ba, yace a kawo duk wanda za'a kawo, fentin ma yaran ne sukayi da shawarar dillali shi bai so ba. Shi da bakinsa ya fada cewa a ambaliyar 2022 ruwa ya shiga gidan ya kai gwiwa yayi kwanaki, kuma bayan shagon da can rami ne da aka cike. Dan kasuwar Gujungun da dillali ya ambata kuma, babban magajin yace shi bai san dashi ba. Kanwata ta shiga makwabta sunce rijiyar bata kafewa amma da damina ruwan yana canza kala basa sha. Yanzu tambayata Injiniya, in jira har Agusta ne ko in kawo mutum yanzu? Magadan suna bukatar kudin kuma nima gidan hayar da nake an bani zuwa bayan sallah.

Injiniyan Haɗejawa

Kawo shi yanzu, abin da ka ji ya isa a fara. Ka tanadi lebura ɗaya da diga da shebur, a haƙa rami jikin bangon shagon ta gefen da aka cike ɗin har a kai ƙarshen fandisho, a ga zurfinsa da faɗinsa da irin ƙasar da ya zauna a kai, in shara da leda suka dinga fitowa ka samu amsarka. A haƙa wani ta gefen da ba tsaga don a gwada, a mayar da ƙasar a daddage a ranar. A kankare simintin da aka liƙe tsagar da shi a ga ainihin faɗinta, sannan a ɗana mata siririn siminti a wuri biyu a rubuta kwanan wata a gefe, in ya tsage bayan ruwan farko tana kan motsi kenan. A kan dekin kuma a toshe mafitar ruwa a tara ruwa ya kwana, da safe a duba ta ciki.

In sakamakon ya nuna shagon da ɗakunan ƙasan duk sai an taɓa, to ku yi ciniki a kan kuɗin fili da kwano da ƙofofi, ba kuɗin gida ba, a cire abin da gyara zai ci bisa takardar mai dubawa. In kuma da dama-dama, ka nemi a rubuta gaban dagaci cewa za ka ba da wani kaso yanzu, cikon sai bayan marka in ba abin da ya bayyana. Ko da ka tare bayan sallah kar ka sa yara a ɗakin da magini bai ɓalle gindinsa ya gani ba, kuma rijiyar a bar ta wa wanki har sai an auna tsakaninta da masai, naku da na maƙwabta.